Kafin Ki Sayar da Saniyarki Don Gilashin Kyamara

Azare,
Alhamis da hantsi.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta riske ki kin sauka Kano lafiya, kin huta gajiyar hanya. Allah Ya tsare ki a fita da shiga, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Ki gaishe mini da Gwaggonki da maigidanta, ki ce na gode da suka karɓe ki.

Na san za ki yi dariya in kin tsinci wannan a aljihun jakarki. Muna gida ɗaya, muna cin tuwo ɗaya, amma Baba ya zauna a shago ya rubuto wasiƙa. Dalilin shi ne ni da ke ba mu taɓa yin minti biyar muna maganar kyamara ba mu ɓarke da musu ba. Taurin kai kuwa ba daga nesa kika ɗauko shi ba, na san mai shi. A takarda dai ba ki da halin katse ni, don haka ki zauna ki ji.

Hajiyar nan mai shagon hoton mata ta ɗauke ki aiki, ta ce ki zo da kayanki. Kyamara kina da ita. Saura gilashin gaba na kirki, wanda ku yaran yanzu kuke kira lens, irin mai zum da ake murɗawa ya jawo nesa kusa. Kin nuna mini guda biyu a waya, wani dogo mai shegen tsada da wani mai sauƙin kuɗi. Kin ce dogon kike so, kuma kuɗinsa ba zai haɗu ba sai an sayar da saniyarki da ɗan bijiminta, waɗanda Kawu Bello yake kiwata miki a rugarsu ta bayan Gamawa. Kin san saniyar nan jikar karsanar da kakanki na wajen uwa ya ba ki ran sunanki ce, kuma ita kaɗai ce macen da ta rage a wannan tsatso. Tun ranar da kika faɗi haka Mamanki ba ta ce uffan ba. Ke ma kin san shirunta ba yarda ba ne.

Ba zan ce miki kar ki yi ba. Zan dai gaya miki wautar da na tafka a kan gilashi, sai ki auna da kanki.

Lokacin da na buɗe shago kusa da tasha, mutanen garin nan da tsawon bakin kyamara suke auna mai hoto. Alhaji zai zo neman wanda zai ɗauki ɗaurin auren ɗansa, bai tambayi aikinka ba, sai ya kalli abin da ke rataye a wuyanka. In gajere ne, ya ce zai dawo, kuma ba za ka sake ganin ƙeyarsa ba. Sai na tafi wajen Oga Sunday, mutumin kudu ne da ya daɗe a Azare har yana ciniki da Fulani da Fillanci. Batir da fim yake sayarwa, kuma yakan yo mana odar kayan hoto. Na ce ya nemo mini gilashin da in an murɗa shi zai yi ta fitowa har ya ba mutane tsoro, amma mai araha. Ranar da ya kawo, ya riƙe shi a hannu bai miƙo ba.

"Malam Sani, wannan ɗan rana ne fa," in ji shi. "Da rana ta yi sanyi shi ma ya tashi daga aiki."

Na ce, "Oga, kai dai miƙo. Ai hoto da rana ake yi."

Kada in ci amanar gilashin nan, shi ya ciyar da gidanmu shekaru. Ɗaurin aure a ƙofar gida, saukar karatu, 'yan makaranta a layi, masunta suna jan koma a kogin Katagum da hantsi, duk ya ɗauka tas. Ba shi da nauyi, kuma ko ya bugu da bango gabana ba ya faɗuwa. Amma yana da hali guda da duk irinsa suke da shi. Duk sa'ad da ka murɗa shi ya yi tsawo, sai ƙofar da haske ke shiga ta ƙara tsukewa. In ka kai shi ƙarshe, hoto ya yi laushi, in kuma hadari ya rufe rana, to sai addu'a.

Wata rana a Hardawa 'yan ɗaurin aure suka makara, ba a shafa fatiha ba sai bayan la'asar, ga hadari ya haɗo. Maimakon in kutsa cikin mutane in matsa kusa da ango, sai na koma can gindin wata bishiya na zuƙo gilashi iya tsawonsa, don kowa ya ga mai hoto daga Azare ya zo. Da aka wanko hotuna, duk suka fito dishi-dishi. Uban ango ya ɗaga ɗaya, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, sannan ya ce, "Malam, wannan ɗana ne ko na maƙwabta?" Mutanen zauren suka kwashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Abin da na koya a nan, Ummi, gilashi mai araha ba abin kunya ba ne, amma ki san lokutan aikinsa, kada ki tilasta masa abin da ba zai iya ba. Kuma in kina da ƙafa, ki taka ki matsa kusa. Rabin abin da mutane suke sayen dogon gilashi dominsa, taku goma zai yi musu shi kyauta.

Wautata ta biyu ta fi ta farko tsada. An yi wani babban biki a Gamawa, aka ɗauko mai hoto daga Kano. Ya zo da wani dogon gilashi mai kauri, irin wanda kike so ɗin nan. Da na ga hotunansa daga baya, sai da na zauna. Mutum ya fito tar, har zaren hularsa kana ƙirgawa, bayansa kuwa ya narke ya yi luf. Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye miki ba. Sati biyu ban ji daɗin abinci ba. Daga ƙarshe na ɗauki babur ɗina na kai kasuwa, na haɗa da ɗan abin da na tara, na tafi Kano na dawo da irin gilashin nan a rungume.

Mamanki ta dube shi, ta dube ni, ta leƙa zaure inda babur yake kwana. Ta ce, "To, sannu da hanya. Shi wannan ɗin za ka riƙa hawa zuwa ƙauye?"

Na yi fushi ranar, don ta faɗi gaskiya. Ki fahimce ni, masu tsadar nan ba damfara suke yi ba. Ƙofar haskensa ba ta tsukewa ko ka murɗa shi zuwa ina, yana kama fuska nan take, jikinsa ƙarfe ne. Hoton da na ɗauka da shi ban taɓa ɗaukar mai kyansa ba. Sai dai aikina a ƙauyuka yake, kuma ƙauye ba ya jiran wanda ke tsaye a bakin titi yana tsaida mota. Kafin in isa an watse. A hankali mutanena na Hardawa da Gamawa suka koma kiran wani mai ɗan gajeren gilashi da babur. Ga nauyi, in na wuni da shi a wuya sai Mamanki ta gasa mini kafaɗa da ruwan zafi. Ga tsoro kuma. Ba na zuwa da shi bakin kogi kada ruwa ya fantsama, ba na shiga taro da shi kada a bangaje ni. Na sayi abin aiki, na koma mai gadinsa.

Don haka kada ki sayar da abin da ke riƙe da ke don ki sayi abin da za ki riƙe. Kuma duk gilashin da za ki ji tsoron fita da shi, ya fi ƙarfinki tukuna, ko da kuɗinsa ya haɗu.

Ta ukun ban taɓa gaya miki ba, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro.

Inna, mahaifiyata da kika ci sunanta, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ɗanta ya ɗauki rabin mutanen ƙasar Katagum, ita kuwa da ta ga na taɓa jaka sai ta ja mayafi ta ce, "Wa zai kalli tsohuwa?" Bayan an haife ki da 'yan watanni na je gaishe ta a Katagum. Muna zaune sai ta ce, "Sani, in za ka dawo ka zo da abin nan naka. Ka ɗauke ni sau ɗaya, don takwarata ta san fuskata." Amma ta kafa sharaɗi biyu. A ɗakinta za a yi, a bakin gado gaban jeren kwanukanta, don in ta fito tsakar gida matan maƙwabta za su ce tsohuwa ta fara yanga. Kuma kada in kunna fitilar nan mai walƙiya, wai tana shanye ruwan ido.

Na koma da murna, da gilasaina biyu a jaka. Ta yi wanka ta sa zanenta na saƙi, ta zizara kwalli. Na ɗaura mai tsadar, don wa ya fi Inna cancanta da shi? Na ɗaga kyamara, ban ga komai ba sai hanci da ido ɗaya. Na ja da baya har bayana ya bugi bango, duk da haka ya ƙi kamawa, don shi ba ya ganin abin da ke kusa. Na ɗaga labule na fita tsakar gida ina leƙowa ta ƙofa. Ta ce, "Kai, dawo ciki, kana tara mini jama'a." Na dawo na cire shi na ɗaura tsohon mai arahar. Shi ya ɗauke ta duka har da kwanukan, amma ɗakin taga ɗaya gare shi, ƙarama, hasken bai ishe shi ba. Na ce, "Inna, kada ki motsa." Ta ce, "Yau kuma ni kake ba umarni?" Ta yi dariya, ta kai hannu tana gyara ɗankwali. Na danna sau uku.

Zamanin fim ne, ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Bayan kwana shida na karɓo. Inuwa ce kawai a bakin gado, da farin abu inda haƙoranta suke. Kwanukan sun fi ta fitowa. Na ɗaga dodon hoton, wato fim ɗin, a rana na duba, ko laifin mai wanki ne, ba laifinsa ba ne. Na koma na roƙe ta a sake. Ta ce, "Ai na ce sau ɗaya. Ba ka ce kai gwani ba ne?" Da wasa ta faɗa, ni ma na ɗauka in an zo Sallah zan lallashe ta. Ba ta kai Sallar ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna makomarta.

Hoton nan yana cikin durowar shago har yau. Kin taɓa cin karo da shi kina yarinya kika ce, "Baba, wace ce wannan?" Na ce wani aiki ne da ya lalace. Kakarki ce, Ummi. Abin yana ci mini rai har gobe, kuma ba na jin zai daina. Ina da gilashi biyu a jaka ranar, ɗaya yana da haske ba shi da wuri, ɗaya yana da wuri ba shi da haske, kuma duk biyun don idon mutane na saye su, ban taɓa tunanin ɗaki ba.

Haushi ya sa na naɗe mai tsadar a tsohon zane, na jefa shi ƙasan akwati, na tura ƙarƙashin gado. Damina guda ya yi a can. Da na huce na ciro shi, sai na ga wani abu a cikin gilashin kamar saƙar gizo. Funfuna ce. Mai gyara a Kano ya haska shi ya girgiza kai, ya ce ta riga ta ci ciki. Ki riƙe wannan ma: gilashi ba ya son duhu da laima. Ki ajiye shi inda iska ke ratsawa, ki riƙa fito da shi, kada ki naɗe shi a tsumma da sunan tattali.

To yanzu ga tambayar da ban yi wa kaina ba, ke ki yi wa kanki. Ba mai tsada ko mai araha ba ce tambayar farko. A ina za ki tsaya in kina aiki? Ni namiji ne, duk rayuwata a ƙofar gida na yi ta, iyakata zaure. Ke kuwa Hajiya ta ɗauke ki ne don kina shiga inda ni ban isa in leƙa ba. Ɗakin amarya, wajen lalle, wajen kamu, ɗakin mai jego ran suna. Kin fi ni sanin ɗakunan nan. Mata goma sha a kan gado da tabarma, akwatuna har rufi, taga ɗaya an rufe ta da labule, wuta kuma an ɗauke. Wata tsohuwar za ta ce kada ki haske mata ido, wata ta ce jariri na barci. Ina za ki ja da baya da dogon gilashin nan? Shi na filin ƙwallo ne da manyan ɗakunan taro. Za ki sayar da shanu biyu ki sayi abin da zai riƙa nuna miki hancin amarya.

Mai arahar da kika nuna mini shi ma ba naki ba ne, ƙanen nawa ne na Oga Sunday, ɗan rana. Abin da aikinki yake so shi ne gajeren zum mai faɗin gani, wanda ƙofar haskensa take buɗe sosai kuma ba ta tsukewa in an murɗa. Ki duba lambar haske a jikinsa, za ki ga guda ɗaya ce tak, biyu da ɗigo takwas. In kin ga lambobin haske guda biyu da ɗan layi a tsakani, to mai tsukewa ne. Ba dole sai na kamfanin da ya ƙera kyamararki ba. Akwai wasu kamfanonin da suke yin irinsa a kan kuɗi mai sauƙi, akwai kuma na hannu masu lafiya. Na manyan kamfanoni masu suna ya ɗan fi su kaifi a gefe-gefen hoto, gaskiya ne, amma ban taɓa ganin uwar amarya ta duba kusurwar hoto ba, fuskar 'yarta take nema. Na tambaya, kuɗin bijimin kaɗai zai saye shi har ki samu na ƙarin batir.

Kada ki saya a makon farko. Ki yi 'yan bukukuwa da ɗan ƙaramin gilashin da ya zo da kyamarar, ki lura da inda yake ba ki kunya. Ranar saye ki tafi da kyamararki da Gwaggonki. Mai shago zai ce ki fito waje ki gwada a rana, ki ce a'a, ki nemi lungun da ya fi duhu a shagon. Ki sa Gwaggo ta tsaya tana magana, wannan ba zai yi mata wuya ba, ki ɗauke ta a farkon zum da ƙarshensa. Ki buɗa hoton ki duba gashin ido. In na hannu ne, ki cire shi ki haska fitilar waya ta ciki, ki murɗa shi a hankali ki ji ko yana cijewa. Sannan ki rataya shi a wuya duk tsawon cinikin, in wuyanki ya fara ƙorafi kafin a daidaita, ki tuna wunin biki ya fi ciniki tsawo. Ranar da aikin babban ɗakin taro ya taso, akwai masu ba da hayar dogon na wuni guda. Watarana kuma, in Allah Ya buɗa, aikin da kansa zai saya miki shi.

Saura maganar saniya. Taki ce, halak malak, ba wanda zai hana ki. Amma ki sani bijimi don sayarwa ake kiwonsa, ba Bafillatanin da zai zubar da hawaye in an kai shi kasuwa. Saniya daban ce. A wurin Mamanki, ita ce abu na ƙarshe da hannun marigayi mahaifinta ya taɓa wanda har yanzu yake numfashi. Ba za ta faɗa miki ba, kunyarsu ba ta barin haka. Kawu Bello kuma ya ce saniyar tana da ciki. In kin karanta duk wannan kika ga har yanzu dogon kike so, ki kira ni, ni kaɗai. Da kaina zan raka Kawu kasuwar Gamawa, kuma ba za ki ji wata magana daga bakina ba.

Roƙo ɗaya gare ni. Duk wanda kika saya, in kin zo gida ki fara da ɗakin Mamanki. Ki zaunar da ita a bakin gado, ki ba ta dariya, ki ɗauke ta da hasken taga. Idona ya fara gajiya, hannuna kuma ba ya tsayawa kamar da. Ki duba a take ki tabbata ta fito, in ba ta fito ba ki sake, ko za ta yi faɗa.

Za ki ga wata 'yar roba ɗaure cikin leda a ƙasan jakarki, ƙarƙashin atamfofi. Man shanu ne. Jiya Mamanki ta aika Gamawa aka kawo, ta ce lallai nonon saniyarki za a kaɗa, kada a haɗa da na kowa. Ita ta soya shi da kanta. Ta ce kada in gaya miki, wai kada ki ɗauka tana roƙonki ne. Ga shi na gaya miki, sai ki rufa mini asiri.

Allah Ya yi miki albarka, Ummi. Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya sa albarka a idonki da hannunki, Ya ba ki halal mai yalwa. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko ana tsakiyar biki. Ki rufa asirin duk ɗakin da aka yarda kika shiga. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, Ya sa mu gana da alheri.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Sani Mai Hoto